Sunan Zakari a Kan Tsingaro

Zalihatu tana durƙushe a tsakar gidansu a unguwar Zariya ta garin Maradi, ta baje fasassun tukwane a kan tabarma, tana ƙarce su da ƙusa. Wata biyu ke nan da aka rufe jami'a saboda yajin aiki, bayan babban taron ƙasa, ta dawo Maradi daga Yamai da littattafanta na tarihin Girkawa. Malaminsu ya ce duk ran da aka koma, ita za ta fara yin bayani gaban aji.

Sai sallama. Hajiya Tsahara ce, uwar Zakari, saurayin da aka sa musu rana bayan Sallah. Ta zo gaida uwar Zalihatu, Inna Rahmatu, amma idonta bai wuce tabarmar nan ba.

"Ke ɗiyar nan, mi kike da tsingaro kamar mai haɗa magani?"

Zalihatu ta gaishe ta, sannan bakin 'yan lakwal, wato 'yan boko, ya kwashe ta. "Karatu ne, Hajiya. Mutanen wani birni da ake kira Atina, tun kafin Annabi Isa, in mutum ya fi ƙarfinsu sai su rubuta sunansa a tsingaro. In tsingaron ya yi yawa, sai ya bar gari shekara goma."

"Ya bar gari?" Hajiya ta ɗauki guda, ta juya shi. Rubutun ba boko ba, ba ajami ba. "To wanga sunan wa?"

Wayyo! Da safen nan Zalihatu ta gwada baƙaƙen Girkanci, kuma sunan da zuciya ta kawo shi hannu ya ƙarta. Kunya ta hana ta faɗi, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Na ɗana ne?"

Ta ɗaga kai alamar e.

"Innalillahi! Kurciya! Rahmatu, fito ki ga abin da ɗiyarki ta koyo a Yamai! Ta rubuta sunan ɗana ya shiga duniya!"

Abin ya zo daidai da tsautsayi: kwana uku kafin nan Zakari ya bi kamiyon ubansa, babbar motar kaya, zuwa Lome. Tafiyar mako guda ce. Mako ya wuce, na biyu ya shiga, ba Zakari ba labarinsa. Kafin ka ce kwabo zancen ya cika Sabon Gari, har masu kawo kayan miya daga Jiratawa sun ji. In Zalihatu ta fito, mata su ja yaransu gefe.

Ran kwana na goma sha shida Hajiya ta dawo, idanunta sun yi ja don kuka.

"Ba faɗa na zo ba. Akwai wata tsohuwa a Tibiri mai karya irin wanga abu, amma ta ce sai wadda ta ƙulla ta je da ƙafarta, ta amsa da bakinta. Ki tashi mu tafi. In kin ƙi, Juma'a a maido mana kayanmu, babu aure."

Inna ta kama hannun 'yarta. "Ki je mana, mi zai rage ki? Ki ce kin yi, a wuce wurin."

Zalihatu ta ji kamar ƙasa ta tsage. In ta je, aure ya tsira, amma har ta mutu sunanta mai kurciya. In ta ƙi, ta rasa Zakari.

"Hajiya, ki gafarce ni," ta faɗa hawaye na zuba. "Kullum ina roƙon Allah ya dawo da shi, kamar yadda kike roƙo. Amma ba zan amsa abin da ban yi ba."

"To ki auri tsingaron!" Hajiya ta figi gyale ta fice.

Ran Juma'a da hantsi aka fito da akwatunan lefe tsakar gida. Inna na ɗaure su tana share hawaye, Hajiya na tsaye tana jira. Sai ga wani ya yi sallama, ya rame, rigarsa duk baƙin mai.

"Zakari!" Hajiya ta saki ihu. "Wa ya kwance ka?"

"'Yan duwan, Hajiya, ma'aikatan kwastan. Su ma yaji suka shiga, suka rufe iyaka, kamiyo ya fi ɗari a layi, ga tarho ba ya aiki. Ina isa gida aka ce kina nan." Ya dubi akwatunan, ya dubi Zalihatu. "Na ji zancen tun a tasha. To Hajiya, direba ɗari duk ita ta rubuta sunayensu? Ashe an gama tukwanen Maradi!"

 Sai Hajiya ta durƙusa, ta shiga kwance igiyar akwatin da hannunta.

"Ɗiyata, da kin bi ni Tibiri, da yau na ce tsohuwa ce ta dawo da shi, kuma da ban ƙara cin tuwonki ba har abada. Ki yafe mini."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, kuma da aka buɗe jami'a Hajiya da kanta ta raka Zalihatu tasha. Jama'a, abin da ba ka sani ba ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Wanda kuwa aka yi wa ƙazafi, ya yi haƙuri ya riƙe gaskiyarsa, kada ya sayi zaman lafiya da ƙarya.