Tiyon da Yaya Sallau Ya Tsotsa

Yaya Sallau ba ya nan. Bencinsa na nan a gareji, tiyonsa na rataye a ƙusa, ba mai taɓawa. An gaya muku ciwon shawara ne ya kashe shi. Ku matso. Ni ina wurin.

Shekara sha ɗaya muna gareji ɗaya da shi a bakin titin Malumfashi. Shi inji, ni wayarin. Ran nan bayan isha muna ɗaure kaya, sai ga wata tsohuwar mota baƙa ta gangaro tana jijjiga. Tun kafin ta tsaya ɗoyi ya riga ta isowa. Ɗoyin mushe, wanda ya kwana uku a rana.

Wani dogon mutum ya fito. Na yi masa sallama. Bai amsa ba.

"Tana rawa," ya ce. "Ta kunna fitila."

Na leƙa. Fitilar nan rawaya mai hoton inji, wadda ke kamawa in mota na da matsala. Kujerun duk a jiƙe suke. Ƙudaje manne da gilas, da daddare. Na toshe hanci da hula.

"Yaya, bari in sa mata na'urar gwaji tukuna."

"Kai da na'urarka, Tanimu. Mai ne ba ya zuwa. Ko fulogi."

Na jona na'urar. Ba ta nuna komai ba. Na ce bari in cire kan batir, ko fitilar za ta mutu. Na cire. Injin bai mutu ba. Fitilar ma tana nan tana kallona.

Sai na haska ƙasa da tocila. Mutumin yana tsaye cikin baƙin man da muka zubar da rana, ba takalmi. Ya taka ya dawo, ya sake takawa. Ba sawu ko ɗaya.

"Yaya," na ce a hankali, "mu ce masa sai da safe."

"Ka taɓa ganin na kori mota?"

Bai taɓa ba. Kuma kun san al'adarmu. In ana zargin mai, ba a jiran komai. A zura tiyo a tanki, a ja da baki, a tofar. Yaya har alfahari yake harshensa na bambance mai da algus.

Ya ɗauko tiyon. Na riƙe masa hannu.

"Don Allah kar ka sa baki."

"Sake ni, matsoraci."

Ya ja sau ɗaya. Shiru. Ya ja na biyu da ƙarfi.

Abin da ya taho ba fetur ba ne. Wani abu ne mai kauri, mai ɗumi, mai yauƙi kamar ruɓaɓɓiyar kuɓewa. Ya tofar, na ga gashi a ciki, na ga ƙananan abubuwa farare suna motsi. Amma na riga na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiye wani.

Nan take motar ta daina rawa. Fitilar ta mutu.

"Madalla," in ji mutumin. Bakinsa a rufe. Daga cikin bonet muryar ta fito. "Na daɗe ina neman mai cire mini shi. Na bar maka."

Ya shiga ya ja. Kan batirin yana hannuna.

Kafin mu kai gida hannun Yaya ya fara karkarwa. Da safe duk jikinsa ne, har gadon yana ƙara. Idanunsa suka yi rawaya, irin ta fitilar nan sak. Duk abin da aka ba shi sai ya ce ɗanɗanon abin yake ji. Aka yi asibiti, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ɗoyin bai bar ɗakin ba. Ni da muka fito ciki ɗaya, sai na ɗaure fuska da rawani kafin in shiga. Ya lura. Wannan ne ke cina har yau.

Ran kwana na tara ya ce, "Tanimu, da na bari ka ce sai da safe."

Da la'asar rawar ta tsaya.

Har gobe ba na iya cin miyar kuɓewa. Ku kuma in kun kama sana'ar nan, kar wanda ya tsaya gareji shi kaɗai bayan isha. Wanda bai amsa sallama ba, kar ku buɗe masa bonet, balle ku ja mansa da baki.

Ku ɗaga hannu ku taya ni. Allah Ka jiƙan Sallau, Ka wanke masa bakinsa da ruwan Alkausara. Ku ce amin.