Littafin Jan Biro

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin Saje ta shigo ofishin Sufeto ta ce an yi sata a makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota. Ya tambayi abin da aka ɗauka, yana tsammanin kwamfutoci ko injin wuta. Ta ce takardu ne, rubutun hannu.

"Na jarrabawa?"

"A'a, yallaɓai. Littafi ne wani tsohon malami ya rubuta, ba a kai ga bugawa ba. Mai gadi ya ce tun ɗazu yake zaune a ƙasa, ya ƙi tashi."

Sufeto ba ya son a ɓata masa safiya da shirme, amma tsoho zaune a ƙasa ba shirme ba ne. Ya ɗauki hularsa.

A ɗakin karatu suka same shi, ya jingina da wani kabad na ƙarfe, fayil mai kauri a cinyarsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da Turanci a makarantar, ɗalibai kuwa ba su san shi da wani suna ba sai Jan Biro. Bara ya yi ritaya, aka bar masa kabad ɗin da tebur a lungu don ya ƙarasa littafinsa. Yau ne mutumin maɗaba'a zai zo ya karɓa.

Sufeto ya tsuguna ya gaishe shi, sannan ya tambayi abin da littafin ya ƙunsa. Nan take tsohon ya ɗan farfaɗo, kamar an buga ƙararrawar shiga aji. Ya ce Turanci iri biyu ne, akwai na littafi akwai na bakin titi, kuma babu inda suka fi rabuwa irin wajen kalmomin nan na ni da kai da shi. Mutum zai ce "me and my brother went", alhali ƙa'ida ta ce "my brother and I". Shi kuwa tun da ya fara aiki, duk irin wannan da ya ji daga bakin ɗalibi sai ya rubuta, ya sa gyaransa a ƙasa. Shafi ɗari uku da sittin, kuma babu kwafi ko ɗaya.

"Ba za ka iya sake rubutawa ba, Malam?"

"Da wane idon? Likita ya ba ni shekara guda. Ɗazu da na buɗe fayil ɗin nan na ga fari fat, ban ce an yi sata ba. Na ɗauka idon ne ya ƙarasa."

Abin ya taɓa Sufeto, ba ƙarya. Ya karɓi fayil ɗin ya juya shi. Wanda ya kwashe rubutun ya cika gurbinsa da fararen takardu don kada a lura da wuri. Sai dai ba zuba su ya yi haka kawai ba. An huda kowace a kusurwar hagu, an zura koren zare an ƙulle, ashirin da biyar ashirin da biyar, kuma a saman kowane ƙulli an rubuta adadin da fensir an zagaye shi. Kwaɗon kabad lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Saje ta ce wannan ɓarawon dai akwai tsafta.

Makullin kabad biyu ne. Ɗaya yana wuyan Jan Biro, ɗayan yana cikin damin makullan mai kula da ɗakin karatu, wani siririn mutum da ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi komai. Ya ce makullan nan ba su taɓa barin aljihunsa ba, ko wanka zai yi da su yake shiga. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya tura Saje wajen mai gadi.

Minti biyar ta dawo. Mai gadi ya ce ranar Juma'a da misalin sha ɗaya mai kula da ɗakin karatun ya fita a guje, an kira shi an ce matarsa tana asibiti, kuma bai dawo ba.

"To wa ya rufe ɗakin karatu?" in ji Sufeto.

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce tsoro ya ji kada a ce ya bar aiki ba izini. Makullan ya rataye su a ƙusar da ke ofishin gudanarwa, kamar yadda dokar makaranta ta ce, yau da safe kuma a nan ya same su. Masu shiga ofishin nan kai tsaye uku ne: shugaban makaranta, wanda ya yi tafiya tun Laraba, da mataimakiyarsa, da sabon malamin Turanci da ke tattara sakamakon zango.

Kowa a makarantar sabon malamin yake nuna wa da baki. An san shi da Jan Biro ba sa shan inuwa ɗaya. Matashi ne mai ɗamammiyar riga da yawan magana, irin waɗanda ke ganin su suka fara karatu a duniya. Ya ce wa Sufeto shi bai taɓa ko ganin bangon littafin ba, kuma ba ya buƙata, don ra'ayinsa a bayyane yake: harshe na masu magana da shi ne, in mutum miliyan suka faɗi abu ɗaya kullum, to littafin ne ya kamata ya gyara zama. Turawan ma da ake ta yi dominsu, in ji shi, a gidajensu ba haka suke magana ba.

Sufeto ya ce shi ba muhawara ta kawo shi ba. Ya tambaya, da gangan, ko gaskiya ne littafin babi ashirin ne.

"Sha huɗu ne," in ji matashin.

"Wanda bai ga bango ba ya ƙirga babi. Zauna, Malam."

Ya zauna. Ya amsa cewa ranar Alhamis tsohon ya yi gyangyaɗi a kan tebur, shi kuma ya buɗe ya duba. Abin da ya gani ne ya tayar masa da hankali. Kowane kuskure a littafin yana ɗauke da cikakken sunan ɗalibin da ya yi shi, da ajinsa, da shekarar. Sama da suna ɗari huɗu. Wasu yanzu likitoci ne, wasu alƙalai, wasu sun rasu. Da ya koma ɗakin malamai ya faɗa a fili cewa wannan ba littafi ba ne, tonon asiri ne.

"Su wa suka ji?"

"Duk wanda ke wurin. Har Mataimakiya, tana zuba ruwa a kofi."

Sufeto ya tattaro wasu takardu warwatse a kan tebur ya miƙa masa, ya ce ya haɗa masa su wuri ɗaya. Matashin ya jawo ƙarfen maƙala takardu ya danna, ƙyas, ya miƙo. Da aka nuna masa ƙullin koren zaren sai ya yi 'yar dariya. Ya ce wannan ai aikin mutanen da ne, haka ake ɗaure takardun amsa a ofishin jarrabawa kafin a zo da na'ura. Shi ko ƙullin bai iya ba.

A hanyar ofishin gudanarwa Saje ta ce ita fa har yanzu ba ta yarda da yaron nan ba. Sufeto ya ce rashin kunya daban, sata daban.

Mataimakiya mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ofishinta tsaf, ko fensir a jere suke. Ta tarbe su da girmamawa, ta ce abin ya dame ta ƙwarai, don ita ma ɗalibar Malam ce, a hannunsa ta koyi Turanci. Ranar Juma'a, in ji ta, ƙarfe sha biyu ta tafi gida da ciwon kai, makullai kuwa ba ta ko kalli inda suke ba.

Sufeto ya ce ba komai, bayani kawai za ta rubuta. Ya ba ta fararen takardu, ta cika shafi uku da rubutu mai kyau kamar na bugawa. Yana ta jan ta da hira a kan yawan ɗalibai da ƙarancin kujeru, tana amsawa, hannunta kuwa yana aikinsa shi kaɗai. Ta daidaita takardun, ta huda kusurwar hagu, ta jawo koren zare daga durowa ta zura ta ƙulle. Ta ɗauki fensir ta rubuta uku a sama, ta zagaye.

Sufeto ya ajiye fayil ɗin Jan Biro kusa da bayaninta, ya buɗe.

Ta daɗe tana kallon ƙulle-ƙullen nan guda biyu. Sannan ta ajiye fensir ɗin a hankali.

"Shekara goma sha ɗaya na yi a ofishin jarrabawa," in ji ta. "Hannun ba ya tambayata."

"Ina littafin, Malama?"

Ta tashi ta buɗe kabad ɗin bayanta. Yana ƙasan tsofaffin rajistoci, a nannaɗe cikin leda, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Sai dai da Sufeto ya buɗe, ya ga an bi sunayen ɗaya bayan ɗaya an shafe da baƙin tawada, da rula, a miƙe. Ta kai shafi na ɗari da saba'in. Ta ce niyyarta ta gama ta mayar kafin Litinin, tawadar ce ta ƙare mata, aikin kuma ya fi yadda ta zata.

Sufeto ya sa aka kira tsohon. Saje ce ta riƙo hannunsa har kujera. Da aka ɗora masa littafin a cinya ya rungume shi, yana shafa gefen takardun da yatsa. Da aka gaya masa wadda ta ɗauka kuwa, sai ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashinta.

"Ke? Me na yi miki, 'yata?"

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Ta ce tana aji ɗaya, shekararta sha biyu, ta makara ranar farko saboda ta tsaya jinyar mahaifiyarta. Ta ƙwanƙwasa ƙofar aji, ya tambaya da Turanci ko wane ne, ta ce "It's me, sir." Ya sa ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi "It is I" sau hamsin, ajin yana ƙirgawa da ƙarfi. Duka biyun ma'anarsu ɗaya, ni ce. Daga ranar sunanta ya koma Itsimi. Shekara shida ba wanda ya kira ta da sunan da iyayenta suka sa mata. Ta daina ɗaga hannu a aji. Ta ƙi shiga muhawara, ta ƙi karatun lauya da take so, don aikin magana ne. Har yau in za ta yi jawabi a taron iyaye sai ta rubuta kowace kalma, ta haddace.

"Da na ji akwai sunaye, na buɗe. Sunana ne a shafin farko, Malam. 'Ya'yana biyu suna makarantar nan."

Jan Biro ya ɗaga littafin har yana taɓa hancinsa, yana neman shafin, bai ga komai ba sai baƙin layi.

"Gyara nake yi," ya ce a hankali. "Don ku iya nake yi. Wallahi ban ma tuna ranar ba."

"Na sani, Malam."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya kama ɓarayi iri-iri, amma bai taɓa jin nauyin faɗin abin da doka ta ce ba kamar ranar. An shigar da ƙara, an buɗe kabad ba izini, an taɓa kayan wani, dole ta bi su caji ofis ta maimaita bayaninta, wannan karon na gaskiya. Ta ce ta gane. Ta rufe durowarta, ta ɗauki jakarta, ta roƙi alfarma ɗaya, a bi da ita ta ƙofar baya kafin a tashi yara. Saje ta tafi da ita ba ankwa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar masu zuwa duba wani aji.

Sufeto ya tsaya tattara takardunsa. Mai gadi ya leƙo ya ce mutumin maɗaba'a ya iso, yana jira a waje. Tsohon bai motsa ba.

"Sufeto, idonka ya fi nawa. Sunaye nawa suka rage da ba ta kai kansu ba?"

Sufeto ya buɗa shafukan baya, ya kimanta. Ya ce za su haura ɗari biyu.

"Su ma duk suna tunawa?"

Sufeto ya mayar masa da littafin. Jan Biro ya daɗe riƙe da littafin, sannan ya ce wa mai gadi ya ba mutumin haƙuri, ya koma, ba yau ba.