Awarwaron Jiyau da Naƙudar Kyalla

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kama bakinmu.

Awarwaron yana kama wuyan hannun Hansatu, ya yi ƙas, sai ta ji wani ciwo ya murɗa mata mara, ciwon da ba nata ba. Na jar akuyar da ke kwance a gabanta ne, wadda ke naƙuda tun hantsi.

Bari in yi muku bayani, don kada in bar ku a baya. A Birnin Tsayau ne, inda benaye suka yi tsawon da gajimare ke gogar tagoginsu. Mutanen can ba su bar kiwo ba. Ina za su bari? Ko duniyar wata aka kai Bahaushiya, sai ta nemi turken ɗaure akuya. Kowane bene da hawan dabbobinsa, da ciyawa mai tsiro a ƙarƙashin fitila, da ɗan asibitinsu. Na'urar da asibitocin ke taƙama da ita kuwa sunanta Jiyau: ƙawanya a wuyan dabba, awarwaro a hannun mai jinya. Duk inda ke yi wa dabba ciwo, mai jinya za ta ji shi a jikinta, kaɗan dai, daidai yadda za ta gane wurin. Dabba ba ta da bakin faɗa, to an yi mata.

Hansatu ɗaliba ce mai koyon jinyar dabbobi, yau kuma jarrabawarta ta ƙarshe. Duk karatunta a kan akuyar roba ta yi shi, mai ciki da zik. Dokar makarantar a fili take: wadda ta cire awarwaro kafin ta gama aiki ta faɗi, wadda ta faɗi kuma sai ta maimaita shekara. Mahaifiyarta kuwa har ta gaya wa maƙwabta ranar walima.

Dokta Barira, mai jarrabawar, tana zaune gefe ta harɗe ƙafa. Mai akuyar, Goggo Ladiyo, ta ƙi zama.

"'Yar nan, ki lallaɓa mini Kyalla," in ji Goggo. "Ba ta son garaje. Halin kakarta ta ɗauko, waccan ma sai an roƙe ta take haihuwa."

"In sha Allahu, Goggo."

"Muryarki ce ke rawa haka, ko kunnena ne?"

Hansatu ta sa safar hannu, ta shafa mai, ta duƙa. Ciwon ya nuna mata wurin: ɗan ya taho da kai, amma ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe baya, ta tokare. Ta san wannan. Ta gyara shi a jikin roba har ta gaji. Sai dai roba ba ta waigowa ta kalle ka.

A bango akwai allo mai nuna bugun zuciya biyu, na mai jinya da na dabba. Dokta Barira ta ɗago kai.

"Hansatu, me za ki fara yi?"

Gabanta ya yanke ya faɗi. A daidai lokacin Kyalla ta kurma ihu, ta ɗaure jiki tamau, har ta matse yatsun Hansatu a ciki.

"Zan... zan tura kan baya kaɗan, Dokta, in lalubo gwiwar."

"To, bismillah."

Ta gwada, hanya ta ƙi. Ta kalli allo: layinta ya hau, na akuyar ya bi shi. Ta ja numfashi, nata ya ɗan sauka, na Kyalla ma ya sauka. Ta tuna da walima, duka biyun suka yi sama tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Nan ta gano abin da ke faruwa. Sabon samfurin Jiyau ne aka kawo makarantar a wannan zangon, an ƙara masa ƙarfi don mai jinya ta ji har ɗan ƙaiƙayi. Ashe ƙofar da aka faɗaɗa ba shiga kaɗai ake yi ta cikinta ba, har da fita. Tsoron Hansatu ne ke gangarawa cikin akuyar. Akuyar ta firgita ta ɗaure, ɗaurewar ta dawo wa Hansatu da ciwo, ciwon ya ƙara mata tsoro, tsoron ya sake komawa.

"Dokta," ta ce a hankali, "tsoron da nake ji ne ke shiga jikinta."

"Kowace ɗaliba haka take gani."

"Ranki ya daɗe, dubi allon."

Dokta Barira ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sauke ƙafarta ƙasa. "Ikon Allah. To kwantar da hankalinki."

Ku da kanku kun sani, ba a taɓa ce wa mai tsoro ya kwantar da hankali ya kwanta ba. Hansatu ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Zuciyar nan kamar ana daka. Harshen ɗan akuyar da ya leƙo ya fara yin shuɗi, ita kuma Kyalla numfashinta ya koma sama-sama.

"Ni ban san allo ba," in ji Goggo Ladiyo, "amma idon nan nata ba na lafiya ba ne. Ku yi wani abu mana, ku masu farar riga!"

"Dokta, idan na cire awarwaron fa?" in ji Hansatu.

"Na'urar da kanta take kai rahoto ofis. Ba ni da hannu a ciki, Hansatu. Idan na karɓi aikin ma, kin faɗi." Ta miƙe ta nufi wajen safar hannu. "Ƙawanyar kuma ba ta buɗewa sai awarwaro ya bar hannunki."

Hansatu ta kalli hannun nata. Shekarun karatu, da tashin asuba, da fuskar mahaifiyarta, duk suna maƙale a wannan ɗan ƙarfe. Kyalla ta sake yin wani kuka, siriri, irin na wadda ƙarfinta ya kusa ƙarewa.

Ta sa haƙori ta ja maɓallin. Awarwaron ya faɗi ƙasa, allo ya yi ja.

Ciwon ya ɗauke mata ɗif. Akuyar ta sauke ajiyar zuciya, jikinta ya saki. Hannun Hansatu bai daina rawa ba, amma yanzu rawar tata ce ita kaɗai. Ta tura kan baya, ta lalubo gwiwar. Ba Jiyau mai gaya mata inda ke ciwo, sai lalube, ga Dokta a gefenta tana cewa, "Sannu, hagu kaɗan, rufe kofaton da tafinki." Da ƙyar ya fito. Suka share masa hanci, suka murza ƙirjinsa, bai motsa ba. Ashe tagwaye ne: na biyun ya biyo baya da kansa, 'yar mace, ta faɗo tana atishawa.

Goggo ta ɗauke marar ran ta naɗe a gefen zanenta. "Wanda Allah ya ba kwana shi ke sha nono," ta ce. "Sannu, 'yar nan. Je ki wanke fuskarki."

Hansatu ta faɗi jarrabawa. Dokta Barira ta kai maganar gaban masu ƙera Jiyau, suka saurare ta da kyau, suka yi godiya. Rage wa na'urar ƙarfi kuwa suka ce koma-baya ne. Sai suka ƙera wani ɗan ƙanƙanin ƙarfe, Sanyaya, da ake dasawa a bayan kunnen mai jinya, ya riƙe zuciyarta a kan bugu ɗaya, ba hawa ba sauka. Makaranta ta ce ba mai sake zama jarrabawa sai da shi.

Hansatu ta yi ta juya abin a ranta har shekara ta zagayo. Daga ƙarshe ta miƙa kunnenta.

Kyalla ta rayu, 'yarta ta girma har ta ba Goggo Ladiyo jikoki. Dokta Barira ta bar koyarwa ta koma duba raƙuma a bayan gari. Hansatu ta ci jarrabawa da maki mafi kyau a ajinsu, ta zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinyar dabbobi, hannunta bai ƙara rawa ba. Ranar da aka yi walimar, mahaifiyarta ta rangaɗa guɗa ta rungume ta tana hawaye, ita kuwa ta tsaya tana jiran murna ta zo mata, har baƙi suka watse.