Gurbin Lamba ta Biyar

Ranar da ya fara shiga ɗakin babbar kwamfuta na hukumar ruwa, ma'aikaciyar da ke kula da ita tana zaune gaban allo cikin rigar sanyi, ko kai ba ta ɗago ba. Ɗakin kullum sanyi ƙalau yake saboda injin, wanda ma'aikata ke kira Tsohuwa: manyan akwatuna shida a jere kamar durowar kaya, suna gurnani tun kafin a haife ta.

"Sannu da aiki. Ni ne injiniyan da aka turo kan matsalar taswira."

"Ga kujera," ta ce.

Ya zauna yana jiran ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba.

Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifiyarta. Tun daga ranar wani abu ya mutu a cikinta, mutane suna ta yaba mata haƙuri, ita kuwa ta san ba haƙuri ba ne. Kamar hannun da aka kwanta a kai ne, ana taɓa shi amma ba ya ji. Tana zuwa aiki, tana amsa gaisuwa, tana komawa gida wajen Babanta su zauna a falo kowa da nasa shirun.

Ta danna maɓallai, taswirar bututun garin ta fito a allo, korayen layuka kamar jijiyoyin ganye. Can sai wani dogon layi ya taso daga sabuwar unguwa ta bakin gari, ya ratsa komai ya dire a tsakiyar gari.

"Wannan bututun babu shi," ta ce. "Kwana uku ma'aikata suna haƙa gaban wata firamare suna nemansa. Sabuwar unguwa kuma sati biyu ba ruwa, don ba a san inda nasu ya fashe ba."

"Ba allon ba ne?"

"Mun canza allo."

"Na'urar zane fa?"

"Haka ita ma take fitarwa a takarda."

"Ashe ba idon Tsohuwa ke ciwo ba, kanta ne."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ta dube shi sau ɗaya, ta mai da ido kan allo. A wannan duban guda Injiniya ya ji zuciyarsa ta tafi, bai ko yi gardama da ita ba.

Suka buga manhajar zanen gaba ɗaya a takarda, ta fito da kauri kamar filo. Kullum da safe su raba, shi da jan biro, ita da fensir, suna bin umarnin layi bayan layi. Shi ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Ya ba ta labarin ƙannensa mata huɗu, da motarsa da ba ta tashi sai an roƙe ta. Ita sai "uhm". A sati na biyu ya raɗa mata suna Shiru, ba ta hana ba.

Ran Asabar da hantsi saƙonsa ya shigo:

"Shiruna, barka da hutawa. Na yi mafarkin Tsohuwa ta kira ni ta ce in bar ta ta huta, na ce sai kin yarda. Kin karya kuwa?"

Ta karanta sau biyu. Ta rubuta: "Na karya." Ta ajiye wayar, ta sake ɗauka ta ƙara: "Kai fa?"

Wannan "kai fa" ɗin ya nuna wa ƙannensa huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Ita ce ta gano abin, ran Talata ta sati na uku. Ta daina bin takarda, ta fara ba injin wuri ɗaya tak ya zana, tana ƙara nisansa daga tsakiyar gari. Mita dubu tara, ɗigon ya zauna daidai. Dubu tara da ɗari tara, daidai. Da ta sa dubu goma da ɗari biyu, ɗigon ya yi tsalle ya dawo tsakiya.

"Zo ka gani," ta ce. "Gurbi huɗu aka ba lambar nisa. Idan ta kai biyar, ta farkon ke faɗuwa. Dubu goma da ɗari biyu sai ta koma ɗari biyu."

Ya miƙe tsaye. "Garin ne ya fi ƙarfin lissafin! Shiru, ke ce injiniyan, ni ɗan rakiya ne."

Suka buɗe shafin da gurbin yake. A samansa akwai sunan wanda ya rubuta, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da gargaɗi a ƙasa: "Idan gari ya wuce kilomita goma, a faɗaɗa wannan gurbi."

"Allah ya saka wa wannan mutum da alheri, ya hango mu tun daga can," in ji Injiniya.

"Babana ne," ta ce, kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

A wannan satin ya rubuta rahotonsa ya miƙa wa shugaban sashe, ya kuma tura kawunsa gidansu neman izinin zance.

Shugaban sashe, wanda kowa ke kira Oga, ya daɗe yana kai wa Babanta gaisuwa, kuma duk ofis an san ba don tsohon yake zuwa ba, don 'yarsa ne. Akwai kuma wani abu: kafin Baba ya yi ritaya sau biyu yana rubuta masa takarda kan gurbin nan, shi kuwa Oga yana jefa ta a durowa.

Da rahoton ya fito, gargaɗin ya ɓace daga ciki. Abin da ya maye gurbinsa shi ne "sakacin tsohon ma'aikaci", da sunan Baba, da sunan Injiniya a ƙasa. Oga da kansa ya kai wa Baba kwafi har gida, yana ta jajantawa.

Baba ya karanta, ya cire tabarau ya ninke.

"Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "shekara talatin da biyar na yi a wurin nan ba a taɓa kirana gaban kwamiti ba. Yanzu yaron da ya turo kawunsa gidana shi ne ya rubuta wannan. Ki faɗa masa kada ya tako mini ƙofa."

"To, Baba."

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado. Ta lalubi fushi a ranta ba ta samu ba, ta lalubi baƙin ciki shi ma babu. Ta rubuta: "Na ga rahoton. Kada ka sake kirana."

Amsa ta zo nan take:

"Wallahi ba abin da na rubuta ke nan ba. Ba zan kira ba tunda kin hana. Amma ki tambayi Tsohuwa, ita ba ta san kara ba."

Ta kife wayar. Kwana tara tana zuwa ɗakin sanyin ita kaɗai. Oga ya shigo sau uku yana tambayar ko tana bukatar wani abu, na ukun har da cewa tuni ya ga yaron nan ba shi da kunya. Ta ce, "Ba na bukata, ranka ya daɗe."

A rana ta goma tana aikin da ta saba yi duk wata, duba rajistar injin, inda yake rubuta duk wanda ya taɓa fayil da lokacin da ya taɓa. Ga rahoton nan sau biyu. Na farko daga Injiniya, ran Laraba. Na biyu daga Oga, ran Alhamis, shafi ɗaya ya ragu, an cusa maganar sakaci. Ta buga duka biyun ta sa a jaka.

Da la'asar ta ajiye su gaban Baba. Ya karanta na farkon a hankali, har inda Injiniya ya rubuta: "Wanda ya tsara wannan aiki ya yi gargaɗi a kan lokaci. Laifinmu ne da ba mu karanta ba."

Baba ya ajiye takardun ya dube ta.

"Kira mini shi."

Injiniya ya zo ya durƙusa a bakin kafet. Baba bai ba shi haƙuri ba, tambaya ya jefa masa.

"Yaya za ka gyara?"

"Zan mai da gurbin shida, Baba."

"Sai kuma me? Sashen da ke zana layin, ƙirga gurbi yake yi daga hagu. Ka ƙara biyu, duk abin da ke bayansa ya goce, kaurin bututu ya koma launi. Ka duba wannan?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ban duba ba."

"Yaran yanzu," in ji Baba. "Uwata, ɗauko mini hulata ta fita, ki goge ta. Gobe da ni za a je."

Tun rasuwar matarsa bai wuce masallacin unguwa ba.

Gaban kwamitin bincike na hukumar, ita ta ajiye takardun biyu da rajistar injin. Aka ɗauke Oga daga sashen kafin wata ya ƙare. Gyaran kuwa kwana huɗu ya ci, Baba na tsakiya yana nuni da yatsa, su biyun suna bugawa. Wurare goma sha ɗaya suka taɓa. Da suka sa injin ya sake zane, dogon layin ya ɓace, bututun sabuwar unguwa ya kwanta a inda yake. Washegari ma'aikata suka haƙa sau ɗaya suka same shi.

A barandar ofis, da rana tsaka, Injiniya ya tare ta.

"Baba ya ce in turo magabatana. Amma ke nake son ji."

Ta dubi motocin da ke wucewa.

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Ban san ko ina sonka ba. Ba kai kaɗai ba, komai ma ba na jinsa. Ranar da ruwa ya koma unguwar nan kowa na murna, ni ina tsaye kamar a talabijin nake kallo."

"Kwana taran nan da ban kira ba fa?"

Ta yi ɗan tunani. "Nakan duba waya."

"Sau nawa?"

"Da yawa."

"Ya ishe ni, Shiruna. Sauran ba gaggawa muke ba. Ni ina da surutun mutum biyu, ki riƙe mana shirun."

Aka ɗaura aure bayan wata uku. Gida ya cika da dangi, ƙannensa huɗu sun hana kowa sakat, ita tana zaune a tsakiya ana ta ɗaukar hoto, tana yin murmushi idan an ce ta yi. Da za a tafi da ita, Baba ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Uwata, na ba da ke ga wanda ya faɗi gaskiya a kaina lokacin da ba na wurin. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sanyaya miki, ya ji ƙan mahaifiyarki."

"Amin, Baba."

Washegari da safe a sabon gidansu, kwalaye ko'ina ba a buɗe ba, ya same ta zaune a kan ɗaya tana kallon taga. Ya tsuguna a gabanta.

"Amarya, me kike ji?"

Ta tsaya tana duba ranta da gaske, don ba ta saba amsa masa da ka ba.

"Yunwa," ta ce.

Ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi, an fara!"

Ya shiga buɗe kwalaye yana neman tukunya, yana buɗe na littattafai, yana buɗe na takalma. Ta bar shi ya buɗe har biyar, sannan ta sauko daga kan wanda take zaune, na tukwane, ta tura masa.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.