Faifan Keken Kaka

Auta yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai bakinta ya fi tunaninta sauri. Tun da aka kawo sabon inji makarantarsu, kunnen kowa a gida bai huta ba.

Injin kamar akwati yake. A zana abu a kwamfuta, shi kuma ya narkar da zaren roba, ya riƙa ɗora layi a kan layi har abin ya tashi.

"Baba, ku a masana'antarku sai kun yi ta yankan ƙarfe, rabi ya tafi a ɓarɓashi," in ji Auta. "Namu gina abu yake yi. Aikinku ya tsufa!"

Baba ya yi murmushi, ya ci gaba da wanke baƙin mai daga hannunsa.

Ran nan keken ɗinkin Kaka ya tsaya cak. Wani ɗan faifai mai haƙora ne ya tsage a cikinsa. Mai gyara ya ce an daɗe da daina yin irinsa, sai dai a haƙura da keken. Kaka ta yi tagumi. Shekara talatin ke nan tana ɗinki da shi.

"Kaka, ni zan yi miki sabo!" in ji Auta.

"Ke da ko zare ba ki iya sa wa allura ba?" in ji Kaka.

Baba ya ce, "Kawo mu auna tare."

"A'a, Baba. Kwamfuta ta ishe ni."

A makaranta ta auna tsohon faifan da rula, ta zana shi tsaf. Malama ta tambaye ta, "Kin nuna wa wanda ya san keke?"

"Ba sai na nuna ba, Malama. Sak irin tsohon na yi."

Inji ya fitar mata da sabon faifai. Da ta dawo gida ta sa shi a keken, ya zauna daram. Kaka ta taka keke. Sai faifan ya riƙa zamewa, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye, ta yaga yadin da ke kai.

"Rufe shi, 'yar nan," in ji Kaka a hankali. "Ya yi iya nasa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Auta. Ta ɗauki faifan biyu, ta je wajen Baba tana share hawaye.

Baba ya jera su a tafin hannu. "Ai kin kwafa daidai, kuma nan matsalar take. Dubi haƙoran tsohon. Juyi ya cinye su. Sabon tsoho kika yi mana!"

Ya ɗauko ma'auninsa na aiki. Ya nuna mata wani faifan ƙarfe a cikin keken, wanda haƙoran za su shiga cikinsa. Nan suka auna.

Washegari ya raka ta makaranta, ta gyara zanen da sabon awon. Ya daɗe a tsaye yana kallon injin yana ɗora layi.

"Da muna da wannan, ba sai mun cika sito da kaya ba," ya ce. "Zane kawai za mu ajiye. Mai buƙata ya zo, a yi masa ko guda ɗaya ne."

"Baba, zai raba ku da aiki?"

"Zai dai canja aikin. Amma bai san tsawon haƙori ba sai an gaya masa. Ki koya mini zanen, ni in koya miki awo."

Da yamma suka sa sabon faifan. Kaka ta taka, keke ya tashi sumul, ɗinki ya miƙe. Ta yi ta dariya har da hawaye.

"Ku yi haƙuri," in ji Auta. "Na raina abin da ban sani ba."

Daga ranar ta gane cewa sabon inji ba ya hana tambaya. Kafin ta taɓa kwamfuta, sai ta fara zuwa wajen wanda ya san aikin.