Wa Ya Buɗe Fayil ɗin Malam Illo?

Ranar da Nuriyya ta fara ganin Gazali, tana tsaye ne a kan kujera a ɗakin ajiye katunan marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti a Gidan Dare, tana laluben fayil ɗin wata tsohuwa mai hawan jini. Shi kuwa yana bakin ƙofa, ya kalle ta, ya kalli wayarsa.

"Malam, lahiya?" ta ce.

"Minti goma sha tara ke nan," ya ce. "Yi haƙuri, aunawa nake yi."

"To ka bar awon, zo ka riƙe min kujerar nan kada in faɗi."

Ya riƙe. Tana saukowa ya yi mata bayani. Ɗalibin digiri na biyu ne, yana bincike kan ko mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta zai rage wa mutane zaman jira. Asibitin ya yarda a gwada na wata shida, kuma ita aka haɗa shi da ita.

Kullum tana karanto kati, yana nuna mata inda za ta shigar. Idan ta kasa gane rubutun likita su taru su yi ta hasashe suna dariya. Kafin wata uku, fayil ɗin da ke cin minti ashirin ya koma fitowa kafin mai shi ya gama gyara zama. Shi kuma Gazali ya daina ce mata Malama, ya koma Nurina.

Wata Juma'a saƙonsa ya shigo: "Nurina, na nemi wata mai kama da ke a ko'ina, ban samu ba. Zan iya turo magabatana Dundaye?"

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta amsa: "Malamina, ƙofar gidanmu ba ta da lambar sirri. Ka turo."

Sai dai kafin magabatan su je, magana ta ɓaci. Mahaifinta Malam Illo, manomin shinkafa ne mai alfahari da ƙarfinsa, kuma a asibitin nan aka gano yana da ciwon suga. Ya ɓoye, ban da matarsa Inna Tani da Nuriyya ba wanda ya sani. Rannan a ƙofar masallaci sai Sirajo, wani maƙwabcinsu da ya daɗe yana son Nuriyya ba ta kula shi ba, ya durƙusa a gaban jama'a.

"Baba, ya jiki? An ce suga ne. Ai tun da aka sa ku cikin na'urar yaron nan, kowa ma yana iya gani."

Malam Illo ya dawo gida ransa a ɓace. "Wanga yaro da ya watsa sirrina, shi za ni ba ɗiyata? Kada in ƙara jin sunanai!"

Nuriyya ta yi kuka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma ta fara zargi. Kwana uku tana wuce teburin Gazali ba gaisuwa.

Sai ya rubuto: "Nurina, ban taɓa ganin sunan Baba ba. Tun da muka gama shigar da tsofaffin katuna, abin da ake ba ni lambobi ne, an cire sunaye. Amma kada ki yarda da ni don kina sona. Duk wanda ya buɗe fayil, na'urar tana rubuta sunansa da lokacin. Baba yana da haƙƙin gani. Ki kawo shi."

Da ƙyar Inna Tani ta lallashi Malam Illo suka zo asibitin tare. Likita ya buɗe, ya juya musu kwamfutar, Nuriyya ta karanta. Likita sau biyu. Mai awon jini sau ɗaya. Ita kanta sau ɗaya, ranar rajista. Shi ke nan.

"Sunan yaron hwa?"

"Babu, Baba."

"To wa ya hwaɗi?"

Can Inna Tani ta gyara mayafi tana kallon ƙasa. "Malam, ni dai na ce ma Hajara mai hura ta bar sa suga cikin taka. Ta tambaye ni dalili, ni ko na gaya mata."

Hajara kuwa ita ce mahaifiyar Sirajo.

Malam Illo ya daɗe yana kallon matarsa. Sai dariya ta ƙwace masa, har da tari. "Ashe na'urar da ka watsa labari tana ɗakina shekara talatin!" Ya sa aka kira Gazali, ya kama hannunsa. "Ɗana, na zalunce ka. Ka yahe mini."

"Ba komai, Baba. Ni ma da ni ne, zan ji zafi."

A baranda Nuriyya ta tsaya gabansa, ta kasa ɗaga ido. "Ni ma na zarge ka."

"Na sani. Kwana ukun nan ko shayi bai yi min daɗi ba."

"Ka yafe?"

"Sai kin yi murmushi."

Ta yi, har da rufe fuska da gefen hijabi.

Gazali ya kare bincikensa a gaban malamansa, asibitin kuma ya ce ba zai koma wa tarin takarda ba. Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure a Dundaye, 'yan asibiti suka cika motoci biyu, Hajara ma ta kawo ƙwarya guda ta fura tana ta ba da haƙuri.

Da za a kai amarya, Malam Illo ya dafa kanta, idonsa ya ciko. "Gazali, ga ta nan. Ka riƙe ta da amana. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku lahiya da zuri'a ta gari."

Mata suka rangaɗa guɗa. Nuriyya ta amsa amin a ƙarƙashin lulluɓi, tana kuka tana dariya.