Cikon Lefen Fadila

Son a gani a yaba ciwo ne, 'yan mata, kuma shi ya kayar da Fadila 'yar Malam Audi ta garin Zango.

Ranar da aka kawo lefenta tsalle ta dinga yi a ɗaki.

"Wayyo Musaddiq ɗina! Rabin raina ya cika alkawari!"

Akwati uku ne, gumin gyaɗarsa ta bana. Ta rungume atamfa tana shinshinawa.

Sai ga ƙawarta Firdausi, wadda ta daɗe tana son Musaddiq a ɓoye. Ta taɓe baki.

"Uku? Ke da kyanki? Gobe fa har matan Baure za su zo kallo..."

Fadila ta ajiye atamfar.

"To ya zan yi, ƙawata?"

"Ina raye? Zan ara miki akwati biyu da lesukan yayata. Ana gama kallo ki maido."

Washegari gida ya kaure da guɗa.

"Biyar! Kai, yarinya ta yi goshi!"

Fadila kamar ta tashi sama don daɗi. Ita kuwa Firdausi ta zame, ta je ta kira Gwaggo Kande, ƙanwar uban ango, wadda ta jera kayan da hannunta.

Gwaggo ta ɗaga wani leshi da yatsa biyu.

"Wannan daga ina? Uku muka kawo! Ashe namu abin kunya ne, sai an yi masa ciko?"

Mata suka juyo suna kallon Fadila.

Da la'asar Musaddiq ya zo zaure, idonsa jajur.

"Masoyi, wallahi don kada a raina ka na yi!"

"Wa ya raina ni, Fadila? Ni ban ji kunyar akwatina uku ba. Ke kika ji."

"Ka yafe mini, hasken idona..."

"Na yafe. Amma ɗakina ɗaya ne, babur ɗina tsoho. Su ma aron ciko za ki yi musu?"

Ta durƙusa tana kuka. Ya fice, bai waiwayo ba.

Danginsa suka kwashe kayansu, Firdausi ta kwashe nata. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aurensa da Firdausi.

Ga abin da Fadila ta rasa: mijin da ke sonta tsakani da Allah, da ƙawar da ta amince wa, da fara'ar mahaifinta, wanda ya daina zama a ƙofar masallaci don kunya. A duk kayan da aka yi wa guɗa, ko kallabi ba a bar mata ba.